Yadda Ake Sauya Wa Kifi Ruwa Ba Tare Da Hasara Ba

Kiwon kifi a cikin gida ya zama sana'a a garuruwan ƙasar nan. A da, in an ce gonar kifi, hankalin mutum ya kan tafi ga manyan tafkuna na gwamnati, irin na Panyam a ƙasar Filato, waɗanda aka haƙa a farkon shekarun 1950. Yanzu kuwa manomi ya kan gina kwamin siminti a bayan ɗaki, ɗan kasuwa ya sayi tankin roba ko na tamfol ya girka a tsakar gida, su zuba 'ya'yan tarwaɗa. Akwai kuma ma'aikata masu ajiye akwatin gilashi a falo, da ƙananan kifaye masu launi a ciki, don sha'awa kawai. Dukansu abu guda ke ba su wahala, watau ruwa.

Sau da yawa a kan ji mai kifi yana kuka, ya ce jiya da yamma ya zubar da ruwa mai dauɗa ya zuba sabo garau, da gari ya waye sai ya tarar kifi sun yi rigingine. Wani ya ce an sayar masa da mugun iri, wani ma ya ce sammu aka yi masa. Galibi ba ko ɗaya. Abin da ya faru shi ne ruwan da aka zuba ya bambanta ƙwarai da wanda kifin yake ciki, aka kuwa zuba shi farat ɗaya. Kifi ba ya iya daidaita zafin jikinsa kamar akuya ko kaza, jininsa kuwa ɗan siririn tantani ne kawai ya raba shi da ruwan da yake shaƙa. Saboda haka duk abin da ya sami ruwa ya sami jikin kifi nan take. Barin ruwa ya tsufa yana kashe kifi sannu sannu, sauya shi da garaje kuwa yana kashe su a dare guda. Hanyar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce a riƙa sauya wani kashi a kai a kai, da ruwan da aka shirya ya yi kama da na ciki.

Abin da ke ɓata ruwa

Duk wanda ya taɓa shiga akurkin kaji da aka daɗe ba a share ba ya san warin nan mai yaji da ke sa hawaye. Sunan abin amoniya. Kifi ma yana fitar da ita, mafi yawanta ta jan naman nan mai kama da haƙoran mashaci da ke gefen kansa, wanda shi ne a matsayin huhunsa. Kashin kifi da ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe su ma suna ƙara ta. Kaza dai tana iya matsawa gefe ta sha iska, amma kifin kwami a cikin najasarsa yake kwana yake tashi.

Masana kiwon kifi sun auna, sun ga kowane kilo 1 na abincin kifi ya kan jawo amoniya kimanin giram 30. To, a ɗauki kwami mai tsawon mita 3, faɗi mita 2, zurfin ruwa mita 1. Ruwansa lita 6,000 ke nan, gama kowace mita guda ta tsawo da faɗi da zurfi lita 1,000 take ci. In akwai tarwaɗa 500 a ciki, kowace giram 200, nauyinsu duka kilo 100 ne, za su kuwa ci abinci kamar kilo 3 a yini. Watau kullum ana zuba giram 90 na amoniya a ruwan nan, miligiram 15 ke nan a kowace lita. Amoniya ba ta da launi. Ruwa yana iya zama garau kamar na randa alhali yana cike da ita, wani kuma ya yi kore shar amma lafiyarsa lau, gama koren nan ƙananan tsiro ne masu shanye ta.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Da amoniya za ta yi ta taruwa ba mai rage ta, da ba kifin da zai yi mako guda a akwati. Amma akwai waɗansu ƙananan halittu, da ake kira bakteriya, waɗanda ita ce abincinsu. Wani masani mai suna Sergei Winogradsky ne ya fara ware su a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a shekarar 1890. Su ne kuma ke aiki a cikin ƙasar gona, suna juya takin yuriya da na dabbobi ya zama abin da saiwar dawa za ta iya sha.

Aikinsu hawa biyu ne. Rukuni na farko su juya amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce: tana shiga jinin kifi ta mai da shi ruwan ƙasa-ƙasa, ya kasa ɗaukar iska, kifi ya shaƙe ko da ruwan cike yake da iska. Rukuni na biyu su juya naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da kaifi sosai, sai in ta taru da yawa. Ita wannan ta ƙarshe ba mai fitar da ita daga akwati sai tsiro da kuma sauyin ruwa.

Abin lura a nan shi ne waɗannan halittu ba a cikin ruwa suke yawo ba. Manne suke a jikin bango, da tsakuwa, da soson matacin ruwa. Santsin nan da hannu ke ji a bangon kwami, da su a ciki. Suna kuma da jinkirin haihuwa, sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a sabon akwati. Don haka wanda ya zubar da rubu'in ruwansa bai taɓa su ba. Amma wanda ya kwashe kifi ya zuba a baho, ya goge gilashi da sabulu, ya wanke tsakuwa da soso a bakin famfo, ya shanya su a rana, ya kori ma'aikatansa ke nan gaba ɗaya. Kwana biyu ko uku amoniya za ta hau, ba mai tare ta. Garin neman gira an rasa ido.

A da ma akwai masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen. A shekarar 1850 wani masanin haɗa magunguna a Landan, Robert Warington, ya nuna cewa in an haɗa kifi da tsiron ruwa da katantanwa a tulun gilashi, suna iya rayuwa da daɗewa ba a sauya ruwa ba. Daga nan masu kifin ado suka daɗe suna ganin tsohon ruwa wani abin alfahari ne da ba a taɓawa. Amma kifi biyu ne tak a tulunsa mai galan 12. Wanda ya tara ɗaruruwa a kwami yana ɗura musu abinci safe da yamma, wannan dabara ba tasa ba ce.

Abubuwa huɗu da za a duba ga sabon ruwa

Na farko, zafi da sanyi. Tarwaɗa da karfasa sun fi jin daɗi a ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 30. Kada bambancin sabon ruwa da tsoho ya wuce digiri 2. Da bazara, baƙin tankin da ke bisa ƙarfe ya kan sha rana har ruwansa ya yi kamar na wanka, bututun da ke kwance a rana kuwa ya fi shi zafi. Da hunturu kuma ruwan da ya kwana a tankin nan ya kan yi sanyi ƙarara da asuba. Saboda haka da bazara a yi aikin da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, a kuma bar ruwan farko na bututu ya zube ƙasa tukuna. Da hunturu a jira sai hantsi ya dubi ludayi. Ma'aunin zafi irin na ruwa ba shi da tsada, ya kamata kowane mai kifi ya mallaki guda. In babu, a tsoma hannu a wannan a tsoma a wancan. Muddin hannu ya ji bambanci, to, kifi ya fi shi ji.

Na biyu, kulorin. Ruwan famfo na birni a kan sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, abu ne mai kyau ga mutum. Amma ɗan abin da ba ya yi wa mutum kome yana ƙona huhun kifi, yana kuma kashe bakteriyar da aka ambata. Maganinsa a tari ruwan a buɗaɗɗen mazubi a bar shi ya kwana ɗaya, biyu ma ya fi, ana motsa shi lokaci lokaci, kulorin za ta fice ta bi iska. Sai dai a waɗansu ƙasashe ana amfani da wata iri da ake haɗawa da amoniya, mai suna kuloramin, wadda ajiya ba ta korar ta. Ita sai da maganin kashe kulorin da masu kifin ado ke sayarwa, a kuwa bi adadin da aka rubuta a jikin kwalba. Ranar da aka ji ruwan famfo yana warin maganin wanki, musamman bayan an gyara bututu ko da farkon damina, a ƙara masa kwana.

Na uku, iska. Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a ruwa, ita kuwa ba ta da yawa: kimanin miligiram 9 a lita in zafin ruwa digiri 20 ne, ta sauko wajen 7 da rabi in ya kai 30. Ruwan rijiyar burtsatse, duk da kyaun ganinsa, ya kan fito daga ƙarƙashin ƙasa kusan ba oksijin a cikinsa, wani da warin ruɓaɓɓen ƙwai, wani da ƙarfe wanda ke mai da shi ja in ya sha iska. Kada a jona shi kai tsaye daga rijiya zuwa ƙasan kwami. A fara tara shi a tanki, sa'an nan a sa ya zubo daga bisa yana fantsama, ko ta bututu mai huji-huji, ko a kan kwando. Fantsamar nan ita ke korar mugunyar iska ta shigar da mai kyau.

Na huɗu, tsami da kanwa. Kowane ruwa yana da inda ya karkata, ko wajen tsami kamar ruwan tsamiya, ko wajen kanwa kamar ruwan toka. Ana auna wannan da ma'aunin da ake kira pH. Lamba 7 ita ce tsakiya, ƙasa da ita tsami, bisa da ita kanwa, kifi kuwa ya fi son tsakanin 6 da rabi zuwa 8 da rabi. Muhimmancin abin shi ne kaifin amoniya yana bin wannan lamba. A ruwa mai zafin digiri 30, in lambar 7 ce, abin da ke cuta a cikin amoniya bai kai kashi 1 cikin 100 ba. In ta hau 8 ya zama kamar kashi 7, in ta kai 9 ya kusa rabi.

Nan ne asirin mutuwar da ke biyo bayan sauyin ruwa a akwatin da aka daɗe ba a kula da shi ba. Tsohon ruwa ya kan yi tsami sannu a hankali, tsamin kuwa ya danne kaifin amoniyar da ta taru, kifi suna ta lallaɓawa a haka. Ranar da mai shi ya tuna da su ya kwarara sabon ruwa mai yawa, sai lambar ta yi tsalle, amoniyar da ta rage ta farka, ga kuma girgizar sauyin kanta. Saboda haka akwatin da aka yi wata da watanni ba a taɓa ba, kada a yi masa gyaran rana ɗaya. A riƙa cire kashi 1 cikin 10 kullum har mako guda ko biyu, sa'an nan a koma ga ƙa'ida.

Sabon kwamin siminti shi ma yana zubo da kanwa mai ƙarfi a cikin ruwa. Wajibi ne a cika shi, a bar shi ya jiƙa kwana da kwanaki, a zubar, a sake, har wajen mako biyu ko fiye, kafin a sa kifi. Masu sana'ar su kan jefa busasshiyar ciyawa ko ganyen ayaba a ruwan jiƙon. Kafin a zuba iri duka, a gwada da kifi biyar ko shida a gani in sun kwana biyu lafiya.

Nawa za a sauya, kuma sau nawa

Ga akwatin gilashi mai mataci, wanda ba a cika shi da kifi ba, rubu'in ruwa ko kashi 1 cikin 5 kowane mako ya isa. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, lita 54 yake ci, rubu'insa kuwa lita 13 da ɗoriya, watau bokiti guda.

Kwamin tarwaɗa da ba shi da mataci ya fi haka buƙata nesa ba kusa ba. Tun suna ƙanana, sulusin ruwa bayan kwana biyu ko uku yana iya isa. In sun girma suna cin abinci da yawa, sai an kai ga rabi ko fiye kowace rana. Yawan ba shi ne haɗari ba muddin ana yi a kai a kai daga rijiya guda, gama ruwan jiya da na yau ba su yi nisa da juna ba. Haɗarin yana ga wanda ya bari sai ruwa ya yi wari kana ya zubar duka.

Ga wani lissafi mai sauƙi da zai taimaka. In ana cire rabin ruwa kullum, dauɗa za ta hau ta tsaya a ninki biyu na abin da kifi ke fitarwa a yini guda. In sulusi ake cirewa, ninki uku. In kashi 1 cikin 10 ne, ninki goma. Haka kuma cire rubu'i sau biyu a jere bai kai cire rabi sau ɗaya ba, gama a karo na biyu har da sabon ruwan ake zubarwa. Abin da zai rage na tsohuwar dauɗa kashi 56 ne cikin 100. Ciko kuma ba sauyi ba ne. Ruwan da rana ta shanye da bazara ya tafi shi kaɗai ya bar dauɗarsa a baya, kamar yadda miya ke ƙara gishiri in ta tsotse a wuta. Wanda yake ciko kawai bai fitar da kome ba.

Kafin mutum ya sayi iri, ya fara lissafin ruwansa. Sulusin kwamin nan mai lita 6,000 lita 2,000 ne, watau jarka 80 masu lita 25. Wanda zai saya a hannun 'yan garuwa ya auna kuɗin jarka 80 kowace rana na tsawon wata huɗu ko biyar, ya gani ko riba za ta fita. In ruwa bai wadata ba, a rage yawan kifi, a kuma rage abinci. Abin da ba su cinye ba cikin minti 10 zuwa 15 hasara ce riɓi biyu, ga kuɗin abinci ga ɓacin ruwa.

Yadda ake aikin

1. A shirya sabon ruwa tun jiya, a ajiye shi kusa da kifin don zafinsu ya zo ɗaya.

2. A keɓe bokiti da tiyo da soso na kifi kaɗai. Mazubin da ya taɓa ganin sabulu, ko kananzir, ko maganin feshi, kada ya kusanci ruwan kifi har abada. Magungunan ƙwari da ake fesa wa wake da tumatir, irin su sifametirin, ɗigo kaɗan ya isa ya kashe kwami guda. Wanda ya dawo daga feshi ya yi wanka ya sauya tufafi tukuna. Haka nan a rufe akwatin falo in za a fesa maganin sauro a ɗaki.

3. A kashe duk abin da ke aiki da lantarki, a zare shi daga bango, kafin a tsoma hannu. Na'urar ɗumama ruwa in ta fito fili tana kunne ta kan fashe, injin mataci kuwa ya ƙone in ya yi aiki ba ruwa.

4. Kada a ciyar da kifi gab da aikin. Tarwaɗa in an dame ta da cikakken ciki ta kan yi amai ta ƙara ɓata ruwa. A sauya ruwa tukuna, a jira awa ɗaya ko biyu su natsu, kana a ba su abinci.

5. A bar kifi a inda suke. Kama su da koma a kai baho yana goge santsin jikinsu, wanda shi ne garkuwarsu daga cuta.

6. A ja ruwa daga ƙasa, gama can dauɗa take kwanciya. A akwatin gilashi a cika tiyo da ruwa, a toshe bakinsa biyu da yatsa, a tsoma ɗaya a ciki, a saukar da ɗaya cikin bokitin da ke ƙasa, a saki; ruwa zai bi da kansa. A riƙa caka bakin tiyo cikin tsakuwa, yau wannan gefe, mako mai zuwa wancan. Kada a zuƙa da baki. A kwami kuwa a sa raga a bakin magudana don kada ƙanana su bi ruwa.

7. Kada a rage ruwa har bayan kifi ya fito fili. Tarwaɗa tana da ƙaya a kafaɗunta, in suka cunkushe a ɗan ruwa kaɗan sai su soki juna, raunin kuwa ya zama ƙofar cuta.

8. Soson mataci a matse shi a hankali cikin tsohon ruwan da aka ciro a bokiti, a mayar da shi da damshinsa. In soso biyu ne, kada a wanke su rana ɗaya.

9. A zuba sabon ruwa sannu, a kan faranti ko a jikin bango, don kada ya tayar da laka ko ya bugi kifi. Sa'an nan a kunna kayan lantarki, a tsaya a duba kifin na ɗan lokaci.

Ruwan kogi da na kududdufi, in ba dole ba, a guje shi. Yana zuwa da ƙwayoyin cutar kifi, da matsattsaku, da damina kuma da maganin feshi da taki da ruwan sama ya wanko daga gonaki. Ruwan sama na farko da ya wanke rufin kwano shi ma a bar shi ya wuce.

Alamun da kifi ke bayarwa

Kifi ba ya kuka, amma yana nuna damuwarsa. Alama ta fari ita ce ƙin abinci. Karfasa da kifin ado su kan taru a saman ruwa suna buɗe baki, musamman da asuba, lokacin da iska ta fi ƙaranci. Tarwaɗa dabam take, gama tana da wata gaɓa a cikin kanta mai kama da reshen itace wadda take shaƙar iskar sarari da ita, don haka fitowarta ta ɗauki iska ta koma ba abin tsoro ba ne. Amma wannan juriya tata ita ke ruɗin masu kiwo, su ga ba ta mutu ba su ce ruwa lafiya, alhali ta daina girma, abinci yana tafiya a banza. In aka ga tarwaɗa ta tsaya a tsaye, kai bisa wutsiya ƙasa, ba ta motsi, ko gashin bakinta yana gutsurewa, ko cikinta ya yi ja, ko kumfa ta ƙi bajewa a saman ruwa, to, ruwa ya ɓaci.

Abin yi a nan shi ne a tsai da abinci yini ɗaya ko biyu, yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi. A cire sulusin ruwa a zuba wanda aka shirya, gobe a sake. Gishirin girki kilo 1 ga lita 1,000 yana rage shigar naitirait cikin jinin tarwaɗa da karfasa, amma ba ya fitar da dauɗa, waɗansu kifayen ado da tsiron ruwa kuma ba su son sa. Kada a yi gaggawar zuba maganin kafso na mutane a ruwa: yana kashe bakteriya masu amfani, yana kuma sa ƙwayoyin cuta su saba da magani. Akwai 'yan kwalabe da takardun gwaji masu sauya launi, da ke nuna amoniya da naitirait da pH. In mutuwa ta ci gaba, a nemi malamin gona na sashen kifi ko likitan dabbobi. Akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa, kusa da tafkin Kainji, wadda wannan shi ne aikinta.

Lafiyar mai aiki da ta maƙwabta

Mai rauni a hannu kada ya tsoma shi a ruwan kifi sai da safar roba. Akwai wata ƙwayar cuta, 'yar'uwar ta tarin fuka, da ke zama a akwatunan kifi, tana shiga ta rauni ta haifar da ƙurji mai wuyar warkewa. Bayan aiki a wanke hannu da sabulu. Ruwan da aka ajiye don ya huce a rufe shi da raga, kada kuma ya wuce kwana biyu ko uku, don kada ya zama gidan sauro. Gidan da ke da ƙananan yara a yi wa kwami murfi ko shinge, kada a bar bokiti cike a tsakar gida, gama ɗan ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe.

Tsohon ruwan kuma kada a sake shi a lungu ya kwanta a ƙofar maƙwabci, ya jawo wari da sauro da ƙara wurin mai unguwa. Dauɗar da ke cutar kifi taki ce ga shuka. A ja shi da bututu zuwa gindin ayaba, ko gwanda, ko zogale, ko fangalin alayyafo da kuɓewa, a zuba a ƙasa ba a kan ganye ba. Sai dai wanda aka sa wa gishiri ko magani, shi kam a zuba shi a rami dabam. Manomi mai dabara tun wajen gina kwami yake ɗaga shi ya fi lambunsa tudu, don ruwa ya gangara da kansa.

A ƙarshe, ya kamata mai kifi ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da ya sauya ruwa, da yawan da ya sauya, da abincin da ya bayar, da kifin da ya mutu in akwai. Cikin wata biyu littafin zai nuna masa abin da kwaminsa ke iya ɗauka, gama rijiyar wani ba ta wani ba ce. Ya tsai da rana da lokaci, ya koya wa yaron gida yadda ake yi don ranar da ya yi tafiya. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a kwashe lafiya.